Bishiyar Haruffa da Yadda Na Koya wa Manhajar Shago Ƙarasa Kalma

Yayana yana da shagon kayan masarufi ba nisa da Kasuwar Wunti a cikin garin Bauchi, kuma tun da na fara koyon rubuta manhaja yake yi mini tsiya cewa bai ga amfanin karatun nawa ba, tunda har yanzu a littafi yake rubuta ciniki da bashi. A daminar bara na zauna na haɗa masa wata ƙaramar manhaja da ke aiki a wayar shagon ba tare da buƙatar intanet ba, domin yaron shago ya riƙa shigar da sunan abin da aka saya, ita kuma ta fito da farashi ta rage adadin da ya saura. Abin da ya fi ci wa yaron lokaci shi ne rubuta sunan kaya gaba ɗaya alhali mai saye yana tsaye yana jira, saboda haka na ƙara mata dabarar ƙarasa kalma, wato da zarar an danna haruffa biyu ko uku sai ta jero sunayen da suka fara da su a zaɓi ɗaya. A karon farko na bi hanya mafi sauƙi: duk harafin da aka danna, sai manhajar ta bi jerin kayan tun daga na farko har na ƙarshe tana duba wanda ya dace. Wayar tsohuwa ce, ta riƙa nauyi, har Yaya ya kira ni ya ce, “Injiniya, wannan abin naka kafin ya tuno sunan sabulu ai mai saye ya isa Yelwa.” Wannan gori ne ya tura ni wajen tsarin ajiye bayanai da masu wannan sana'a suke kira trie, wanda ni a nan zan kira shi bishiyar haruffa.

Tsarin ba sabo ba ne. René de la Briandais ya bayyana shi a 1959 a matsayin hanyar neman bayanai a kwamfuta, sannan Edward Fredkin ya raɗa masa sunan trie a 1960, inda ya yanko shi daga tsakiyar kalmar Turanci mai ma'anar zaƙulo abin da aka ajiye. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne, maimakon a ajiye kowace kalma a dunƙule, sai a warware ta harafi-harafi, a jera haruffan a kan rassa, ta yadda duk kalmomin da suka yi tarayya a farkonsu za su bi reshe ɗaya har zuwa inda suka rabu. Ya kamata in ja hankalin waɗanda suka karanci nahawu cewa farkon kalma da ake nufi a nan ba shi ne ɗafa-goshi ba. Bishiyar ba ta san ma'ana ba, ba ta kuma san saiwar kalma ba. Duk wani jerin haruffa da kalma ta fara da shi, ko harafi ɗaya ne ko biyar, shi ne abin da take lura da shi.

Misalin da ya fi zauna mini a kai shi ne na ƙananan hukumomin Jihar Bauchi guda 20. Bishiyar tana farawa da tushe wanda babu harafi a kansa, daga nan rassa suke fita, kowanne da harafinsa. Reshen d yana kaiwa ga mahaɗa ɗaya, daga ita kuma harafin a ne kaɗai ya fita, domin Dambam da Darazo da Dass duk da haruffan “da” suka fara. Sai a mahaɗa ta biyu hanya ta rabu uku, m ta nufi Dambam, r ta nufi Darazo, s ta nufi Dass. Idan aka ƙirga haruffan sunayen uku a rubuce za a sami 16, amma a kan bishiyar mahaɗai 12 ne suka ɗauke su, saboda d da a sau ɗaya aka ajiye su. Reshen g kuwa tun a mataki na biyu yake rabuwa, Giade ta bi i, Gamawa da Ganjuwa su ci gaba tare a kan harafin a kafin su rabu a harafi na uku. Wanda ya danna w bai da sauran zaɓi, Warji ce kaɗai, haka z ba ta da kowa sai Zaki.

Akwai wani ƙaramin abu da mai koyo yakan manta, kuma ni ma na manta shi a gwajin farko, wato alamar da ke nuna cewa kalma ta cika a wata mahaɗa ko da reshe bai ƙare ba. Kalmar kasuwa cikakkiya ce, amma hanyar ta zarce zuwa kasuwanci da kasuwanni da kasuwar. Idan aka ɗauka cewa kalma tana ƙarewa ne kawai a inda babu sauran reshe, to kasuwa ba za ta taɓa fitowa a jerin ba, duk da cewa haruffanta shida suna nan a jere. Saboda haka kowace mahaɗa tana riƙe abu biyu, taswirar rassan da ke fita daga gare ta da kuma shaidar ko an kai ƙarshen wata kalma a nan. Mu mutanen Bauchi ma wannan mahaɗa ta yi mana rana, domin an san harshenmu da cewa kasuwan Wunti a inda daidaitacciyar Hausa take cewa kasuwar Wunti, kuma a kan bishiyar su biyun ba su rabu ba sai a harafi na bakwai.

Neman kalma a cikin wannan tsari tafiya ce daga tushe. Aka danna s sai a bi reshen s, aka ƙara a sai a bi reshen a, idan kuma aka nemi reshen da babu shi, an tabbata ke nan babu sunan da ya fara haka, sai a tsaya. Yawan matakan da ake takawa daidai yake da yawan haruffan da aka danna, ko kalmomin da ke ajiye ɗari ne ko miliyan. Bayan haka ba sai an koma tushe a kowane danni ba, ana iya riƙe mahaɗar da aka tsaya a kanta, harafi na gaba ya zama taki ɗaya tak. Da aka isa mahaɗar, abin da ya rage shi ne a zagaya duk rassan da ke ƙarƙashinta a tattaro kalmomin da suka cika. Wannan ɓangare ne darussa da yawa suke wucewa a gurguje, alhali a nan nauyin yake, kuma zan dawo kansa.

Matsalata ta farko ta zo ne daga kwaikwayon darussan da aka rubuta domin Turanci. A cikinsu akan ba kowace mahaɗa gurabe 26, ɗaya ga kowane harafi daga a zuwa z, sannan a gano gurbin harafi ta hanyar ɗebe 97, lambar harafin a, daga lambarsa. Hakan yana tafiya lafiya ga shinkafa da sukari da taliya. Ranar da aka shigar da ƙwai sai manhajar ta rufe kanta. A tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, lambar ƙ ita ce 409, wadda idan aka ɗebe 97 ta zama 312, gurbin da babu shi a jerin 26. Lambar ɓ ita ce 595, ta ɗ kuma 599, duk sun yi nisa da inda aka tanada. Maganin bai da wuya, na maye jerin gurabe da taswira irin dict na Python (wani harshen rubuta manhaja), wadda take karɓar kowane harafi a matsayin mabuɗi kuma ba ta tanadar wuri ga reshen da babu shi. Ga wanda yake aiki da harshen rubuta manhaja irin C, akwai wani ramin a gaba: a tsarin UTF-8, wanda ake ajiye haruffa da shi a kwamfuta, kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu ne (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin ajiyar kwamfuta), kuma ɓ da ɗ bayit ɗinsu na farko iri ɗaya ne, haka ma ƙ da ƴ. Bishiyar da aka gina a kan bayit za ta yi aiki, amma za a sami mahaɗar da rabin harafi ce, kuma idan aka yanke kalma a wurin, abin da zai bayyana a fuskar waya shirme ne.

Bayan na gyara wannan na ɗauka na gama, ashe ban ma fara ba. Kwana biyu da mayar da wayar sai yaron shagon ya ce mini, “Yallaɓai, ƙwai ba ya cikin manhajar, haka ma ƙuli-ƙuli.” Na karɓi wayar na nuna masa ga su nan. Da na ce ya rubuta a gabana sai na ga ya danna k da w, ba ƙ da w ba. Allon madannan wayar na Turanci ne, babu ƙugiya a kansa, kuma ko da akwai, mutumin da layi ke gabansa ba zai tsaya danne harafi yana jiran ƙugiya ta fito ba. A wurin bishiyar k da ƙ rassa ne biyu da ba su haɗa komai ba, kamar yadda k da z ba su haɗa ba. Ta fuskar harshe gaskiyarta ne, tunda kafa ba ƙafa ba ce, kara ba ƙara ba ne, kasa ba ƙasa ba ce, baki kuma ba baƙi ba ne. Ta fuskar shago kuwa ta gaza, domin ba ta kawo abin da ake nema ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina, saboda hanyoyi biyu da suka fara zo mini duk ban gamsu da su ba. Ta farko ita ce in tilasta wa yaron ya sauya allon madannai, wanda na san ba zai ɗore ba. Ta biyu ita ce in goge ƙugiya daga sunayen kayan gaba ɗaya, wanda ke nufin manhajar da Bahaushe ya rubuta za ta riƙa buga rasit da gurguwar Hausa. Abin da na tsaya a kansa shi ne raba mabuɗin nema da kalmar da ake nunawa. Kafin a dasa kalma a bishiyar, sai a yi mata kwafi a sauƙaƙe shi: manyan haruffa su koma ƙanana, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ ta koma y. Da wannan kwafin ake bin rassa, amma a mahaɗar ƙarshe, a maimakon alamar eh ko a'a, sai a ajiye jerin kalmomin asali da cikakken rubutunsu. Haka kuma duk abin da mai amfani ya danna ana sauƙaƙe shi kafin a shiga bishiyar da shi. Yanzu mahaɗar da k da a da r da a suka kai gare ta tana riƙe da kara da ƙara duka, wanda ya danna kw kuma zai ga ƙwai da ƙugiyarsa ya zaɓa. Idan mutum ya ɗauki wahalar danna ƙ da kansa, to ya faɗi abin da yake so, sai manhajar ta sa masu ƙugiya a sama. A ganina wannan shi ne ginshiƙin aikin duka ga mai rubuta wa Hausawa manhaja, kuma ya fi zaɓen irin bishiyar muhimmanci nesa ba kusa ba.

Wanda ya saba da Faransanci zai yi tsammanin akwai gajeriyar hanya, domin a Unicode akwai tsarin daidaitawa mai suna NFD da ke raba harafi da alamar da ke samansa, ta yadda é za ta zama e da alama, a zubar da alamar. Wannan yana amfani ga alamomin karin sauti da akan sa a kan wasula a ƙamus, amma bai taɓa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, domin Unicode ta ɗauke su haruffa masu zaman kansu da ba sa rabuwa. Dole mutum ya rubuta ɗan teburinsa da hannu, manya da ƙanana. Sai kuma alhamza, wadda ta fi ƙugiya rikici. Jama'are tana iya zuwa da miƙaƙƙiyar alama, ko lanƙwasasshiya wadda wayoyi da yawa suke sauyawa da kansu, ko kuma babu alamar sam, kuma kowace daga cikin alamomin lambarta daban. Ga kuma masu rubuta d'aki da k'ofa da b'era, al'adar da ta samo asali daga rashin ƙugiya a na'ura. Na yanke shawarar cire duk wata alama irin wannan daga mabuɗin, sai d'aki da daki da ɗaki suka hau reshe ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne 'ya'ya, wadda a Nijar ake rubutawa ƴaƴa, ta sauka a mahaɗa ɗaya da yaya, kuma hakan bai dame ni ba tunda mahaɗar tana iya riƙe su duka.

Game da sh da ts, waɗanda aka koya mana a firamare cewa kowannensu baƙi ɗaya ne, ban bi nahawu ba. Yatsa sau biyu yake dannawa, kuma wanda ya danna s yana sa ran ganin shinkafa tare da sabulu, don haka reshe biyu na ba su.

Yanzu sai batun tattaro kalmomi da na ce zan dawo kansa. A Hausa akwai rassan da suka fi wasu nauyi ƙwarai, kuma babu kamar reshen “ma”, saboda da shi ake gina sunan mai sana'a da na wuri da na kayan aiki: manomi, maɗinki, maƙeri, makaranta, masallaci, mabuɗi, madubi. A shagon ma haka abin yake, madara da magi da manja da masara da man gyaɗa da man shafawa duk a nan suke. Idan aka ce sai an zagaya duk abin da ke ƙarƙashin “ma” kafin a nuna sakamako, saurin da aka samu wajen isa mahaɗar ya tafi a banza, sannan jerin da zai fito ya fi ƙarfin fuskar waya. Jerawa bisa tsarin abacada ma ba ta da amfani ga mai ciniki, domin abin da aka fi saye ba lalle ne ya zo a farko ba. Dabarar da na bi ita ce kowace mahaɗa ta riƙe sunaye biyar mafi yawan fita daga cikin duk waɗanda ke ƙarƙashinta. Duk lokacin da aka sayar da abu, ana ƙara masa ƙidaya, sannan a bi hanyarsa daga tushe zuwa ƙarshe ana duba ko ya cancanci shiga biyar ɗin kowace mahaɗa. An ƙara wa ajiya nauyi, an ƙara wa rubutawa aiki, amma karantawa ta zama nan take, kuma a shago ana nema sau da yawa fiye da yadda ake ƙara sabon kaya. Da azumi ya zo, sukari ya hau saman reshen s da kansa ba tare da na taɓa komai ba.

Wani gibin da bishiyar take da shi a ɗabi'arta shi ne ba ta ganin tsakiyar suna. Wanda ya danna gyaɗa ba zai sami man gyaɗa ba, tunda da m ya fara. Na toshe wannan ta hanyar dasa kowace kalma ta cikin sunan a matsayin mabuɗi daban, dukkansu suna nuni ga kaya ɗaya, sai garin masara ya samu ta reshen g da kuma ta reshen m. Abin da ban iya toshewa da haruffa ba shi ne jam'in da ke sauya cikin kalma. Ɗaki da ɗakuna sun yi tafiyar haruffa uku tare, amma doki da dawaki harafi ɗaya kawai suka haɗa, haka akuya da awaki, Bahaushe da Hausawa kuwa ko gaisawa ba su yi ba. Wanda yake gina ƙamus, ba manhajar shago ba, sai ya haɗa irin waɗannan da hannu. Kuskuren rubutu da bambancin lafazi, irin sukari da sikari, ana iya kama su da ma'aunin da Vladimir Levenshtein ya fito da shi a 1965, wanda ke ƙirga sau nawa za a ƙara harafi ko a cire ko a sauya kafin kalma ta zama wata. Yana zama da kyau a kan bishiyar, domin ana lissafa shi mahaɗa bayan mahaɗa a yanke duk reshen da ya wuce iyakar da aka sa. Ni dai kuskure ɗaya na yarda da shi, kuma sai an danna haruffa huɗu, domin ƙasa da haka kusan kowace kalma tana kama da kowace.

Ta fuskar ajiya, bishiyar tana da ɓarna a wutsiyar kalmomi, inda mahaɗai suke jeruwa kowace da reshe ɗaya tilo, kamar r da a da z da o na Darazo. Donald Morrison ya wallafa tsarin da ya kira PATRICIA a 1968, wanda ke dunƙule irin wannan jeri, kuma a siffar da aka fi amfani da ita ga kalmomi reshe ɗaya ne zai ɗauki razo gaba ɗaya. Da haka sunayen nan uku na reshen d za su koma mahaɗai huɗu a maimakon 12. Ban yi wannan ba, saboda dasa sabuwar kalma yana buƙatar tsaga reshe a tsakiya, kuma kayan shagon ba su kai yawan da zai sa in ɗauki wannan wahala ba.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa ita ce, da na koma na binciki manhajar farko a tsanake, na gano cewa yawancin nauyin da Yaya ya yi mini gori a kansa ba daga bin jerin ya zo ba. Na rubuta ta ne ta yadda a kowane danni take sake karanto kayan daga ma'ajiyar wayar, kuma da na gyara wannan kaɗai da ta wadatar. Ko da jerin ya yi girma, jera shi bisa abacada a riƙa raba shi biyu ana neman inda farkon kalmar ya faɗa yana da sauri ƙwarai, tunda kalmomi 100,000 ba sa buƙatar fiye da taki 17. Ga ɗan jerin da ake zaɓar sunan ƙaramar hukuma a manhaja, mai sunaye 20 kuwa, gina bishiya ɓata lokaci ne. Inda ta yi fice shi ne inda ake son ajiye wani abu a kan kowane farkon kalma, kamar biyar ɗin nan mafi fita, ko ake son yafe kuskuren rubutu, ko kuma ana ƙara kalmomi kullum ba a son sake jera komai.

Abin da nake kai yanzu shi ne cire kaya. Idan shagon ya daina sayar da wani abu, share shi daga mahaɗar ƙarshe da datse rassan da suka zama fanko ba wuya, amma sunansa yana nan a cikin biyar ɗin mahaɗan da ke samansa, kuma idan aka cire shi sai an san wane ne na shida da zai maye gurbinsa, wanda babu inda aka ajiye shi. Dole a sake lissafa kowace mahaɗa daga ƙasa zuwa sama, ana haɗa biyar-biyar na rassanta a tace. Kafin in kammala wannan, na sa manhajar ta riƙa rushe bishiyar ta sake gina ta daga jerin kayan kowace safiya idan an buɗe shago, lokacin da yaron yake shara kuma babu mai jira.